Taku Goma Sha Ɗaya Daga Rijiyar Alhaji

Salama a gare ku, da waɗanda muka saba da waɗanda yau suka fara shigowa. Sunana Azumi, 'yar Maiyama ce ni, shekarata ashirin da huɗu. Abin da zan ba ku yau ban taɓa zaunar da wani na faɗa masa shi daga farko har ƙarshe ba, don akwai inda in na zo sai harshena ya yi nauyi. Wataƙila a rubuce ya fi sauƙi.

Aikina gwajin ruwa. Da na gama jami'a a Aliero sai na samu wuri a wani ƙaramin kamfanin ruwan leda a cikin garin, a ɗakin gwaji, ƙarƙashin wata 'yar Zuru da muke kira Madam Vivian. Kullum da safe in hau mota daga Maiyama, mu ratsa ta Jega, in dawo kafin magariba.

A lokacin da abin ya fara, saura kwana ashirin da shida a ɗaura mini aure da Lukman, ɗan unguwar Firchin a Jega, mai saye da ajiyar albasa. Shekara biyu muna tare. Mutum ne mai sanyin magana, bai iya musu ba, kuma ina son shi. Gara in faɗi wannan tun yanzu.

Ranar Lahadi bayan la'asar ya zo zance. Farar shadda ce a jikinsa da hula ruwan toka, ya fesa turare, amma ƙanshin albasar nan da ba ya rabuwa da shi yana nan a ƙarƙashi. Ni kuma atamfa shuɗiya na ɗaura da farin mayafi. Muna zama a zaure ya miƙo mini wata tsohuwar robar lemo cike da ruwa.

"Ga tsarabarki."

"Ruwa? Wasu turare ake kawo musu."

Ya yi dariya. "Na rijiyar gidanmu ne. Kin san yana da zartsi. Sabulu ba ya kumfa sai an sha wahala, fararen kaya su yi dushi-dushi, butar shayin Hajiya kuwa cikinta fari fat kamar an shafe ta da farar ƙasa. Ke kuma na san ki da tsantseni a kan ruwa."

"To sai aka yi yaya?"

"Sai na sayo na'ura daga Sakkwato, wadda ake zuba wa gishiri tana cire zartsin. Za a haɗa ta da tankin ɓangarenki. Mai haɗawar ya ce sai an san ƙarfin zartsin kafin ya saita ta. Na ce ai ina da ƙwararriya a hannu."

Ɓangarenki. Duk lokacin da ya faɗi kalmar nan sai in yi murmushi. Ciki da falo ne ya gina mini a cikin gidan mahaifinsa, da kicin da banɗaki na zamani. Hotunansa sun fi talatin a wayata.

Na karɓi robar, na tambaye shi jikin Kyauta.

Fuskarsa ta canza. "Gudawar ta dawo. Karo na uku ke nan tun da damina ta zauna. Hajiya ta ce haƙori ne."

Kyauta 'yar yayarsa ce, Yaya Balkisu, wadda ke aure a gidan da ke jikin nasu. Shekara tara Yaya Balkisu ta yi ba ko ɓatan wata kafin Allah ya ba ta yarinyar nan. Watanta goma a lokacin, da kumatu da ɗan gashi mai laushi da ake ɗaure mata da jan zare. Duk gidan a kanta suke.

Litinin na shiga da robar ɗakin gwaji. Zartsin yana da ƙarfi, kamar yadda na zata. Da a nan na tsaya da ba ni da labarin da zan ba ku. Amma hannu ya saba: duk ruwan da ya shigo ɗakin nan sai mun yi masa gwajin ƙwayoyin cuta. Na tace kaɗan, na ɗora a farantin gwaji, na sa a akwatin ɗumi, na manta da shi.

Washegari Madam Vivian ce ta fara buɗe akwatin. Na ga ta ɗaga farantin sama, ta gyara gilashinta.

"Azumi, wannan daga ina?"

"Rijiyar gidan surukaina ce, Madam."

Ta ajiye shi a gabana. Ya cika da ɗige-ɗige, har sun haɗe da juna. Ban buƙaci a yi mini bayani ba. Irin ƙwayoyin da ke fitowa daga bayan gidan mutum ne.

"A me aka kawo shi?"

"Robar lemo. Kuma ya kwana."

"To kada ki yanke hukunci tukuna. Ba shi kwalbarmu mai tsabta ya ɗebo sabo."

Na ba Lukman kwalbar a kan hanyata ta komawa, na ce masa na farkon ya lalace. Laraba da safe ya tsaya mini a bakin titin Jega, ya miƙo ta tagar mota yana murmushi. Duk yinin ranar addu'ata ɗaya ce: Allah ya sa robar ce.

Ba robar ba ce. Alhamis farantin ya fito kamar na farko.

Na fita bayan kamfanin, gindin wata darbejiya, na kira shi.

"Lukman, ramin banɗakin ɓangarena, a ina aka haƙa shi?"

"Sokawe? Nan tsakar gida, gefen katanga. Lafiya?"

"Kana gida?"

"Ina gida."

"Don Allah ka taka daga bakinsa zuwa bakin rijiya, ka ƙirga mini."

Ina jin ƙarar takalminsa a waya, da kukan akuya, da muryar wata mata tana daka. Ya ce, "Goma sha ɗaya."

"Amma ai ba a fara amfani da shi ba ko?"

"Tsohon masan gidan ya cika wata huɗu da suka wuce. Sai na sa aka haɗa duka da sabon."

Na jingina da itacen. Na faɗa masa abin da na gani, a hankali, da kalmomin da ba za su yi masa zafi ba, ko da yake babu irinsu. Na ce damina ta jiƙa ƙasa, abin da ke cikin ramin yana tsatsafowa yana shiga rijiyar. Na ce ina zaton ba haƙori ne ke damun Kyauta ba.

Da ya yi magana kuwa muryarsa kamar ba tasa ba.

"Baba ya ce a kai ramin can bayan gida, wajen garka. Ni na ga aikin zai ja lokaci. Da ya yi tafiya Argungu na sa aka haƙa a nan. Ya dawo ya tarar an rufe, bai ce mini uffan ba, kwana biyu dai ba ya amsa gaisuwata da kyau."

Sai kun san rijiyar nan kafin ku gane tsoronsa. Mahaifinsa, Alhaji Sabo, shi ya haƙa ta shekara talatin da ɗaya da suka wuce. Daga baya ya sa mata inji, ya fitar da famfo ɗaya ƙofar gida don maƙwabta, wani kuma ya kai masallacin layin. Bai taɓa sayar da ko kofi ɗaya ba. In ana kwatance a unguwar, cewa ake "gidan Alhaji mai rijiya".

"Ki ba ni lokaci," in ji Lukman. "Zan san yadda zan yi."

Da yamma na tarar da Inna a tsakar gida tana tsintar shinkafa. Gwaggo Gudiya, ƙanwar Baba, wadda ta zo daga Kuberi don shirin biki, tana gefe tana haɗa turaren wuta. Ko hijabi ban cire ba na zauna na faɗa musu.

Gwaggo ta ajiye kwalbar hannunta. "Ke ɗiyag ga, kina da hankali kuwa? Gidan da ba ki ko shiga ba, shi za ki buɗa baki ki ce rijiyarsu da ƙazanta? Mutumin ga shekara talatin shina alwala da ita. Liman shina alwala da ita."

"Gwaggo, ba ni na ce ba. Gwaji ne ya nuna."

"Wa ya san wani gwaji? Ke za a sani. Kuma ramin ga, don wa an ka gina shi? Ba don ke ba?" Ta rage murya. "Ban so in hwaɗa miki ba. Makon da ya wuce wajen suna na ji ana ƙus-ƙus, wai tun da an ka sa ranarki ɗiyar Balkisu ba ta sake lahiya ba. Yanzu ki je da bakinki ki ce musu gaskiya ne, ɗakina ne ya jawo. Mi kike so su kira ƙahwarki?"

Na dubi Inna. Ita ba ta faɗa, kuma shi ya sa maganarta ta fi shiga jikina.

"Ki bari ki shiga tukuna," ta ce, idonta a kan faifai. "In kin ka shiga, ki tahasa ruwa a ɗakinki, ki ja su a jiki sannu a hankali. Suruka ba ta hwara da gyaran gida, Azumi. Kwana ashirin da biyu ba shekara ba ne."

"Inna, watanta goma."

"Allah shina tsaron ta. Kuma kar Babanku ya ji wagga magana."

Na shiga ɗaki na tarar da saƙon Lukman.

"Ki yi haƙuri zuwa bayan biki. Jibi za a haɗa na'urar."

Na rubuta masa: "Na'urar zartsi take cirewa, ba ta kashe ƙwayar cuta. Ko da tana kashewa, tankin ɓangarena kaɗai za ta yi wa aiki."

"Na kai wa Yaya Balkisu ruwan leda buhu biyar. Na ce na Kyauta ne."

"Ka faɗa mata dalili?"

Na ga alamar ya karanta. Bai amsa ba.

Juma'a da safe Madam Vivian ta buga sakamakon a takarda, ta sa hannu. A ƙasa ta rubuta abin da ya kamata a yi: a daina sha nan take, a tafasa duk ruwan sha har ya yi tsalle a tukunya, ko a ɗiga masa kulorin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, a samu bokitin tacewa, a toshe ramin, a wanke rijiyar a sake gwadawa. Ta ninke ta miƙo mini.

"Kin faɗa musu?"

"Na faɗa wa Lukman."

"Ba shi nake tambaya ba. Uwar yarinyar."

Na sunkuyar da kai. Ta dube ni ta saman gilashinta har sai da na ji kamar in nutse, sannan ta juya ga aikinta. Ranar ba ta ƙara ce mini komai ba, ko abincin rana ba ta kira ni mun ci tare ba kamar yadda muka saba.

Nan ne wurin da na ce harshena na yin nauyi. Ina da lambar Yaya Balkisu. Sau uku na rubuta mata: "Yaya, don Allah ki riƙa tafasa ruwan Kyauta." Sau uku na goge. Don na san za ta ce me ya sa, kuma ba ni da amsar da ba za ta kai ga ramin ba. Na riƙa ce wa kaina ai akwai ruwan leda buhu biyar.

Asabar na je Jega wajen tela gwada kayan biki. Leshi ne ruwan zuma mai duwatsu a wuya, ya zauna mini kamar a jikina aka saƙa shi. Na juya gaban madubi, matar telan tana guɗa, ƙawata tana ɗaukar hoto. Daga shagon zuwa Firchin bai kai tafiyar minti goma a ƙasa ba. Takardar Madam tana cikin jakata. Wallahi kusan awa guda na yi a shagon nan cikin farin ciki, ban tuna da yarinyar ba ko sau ɗaya. Sai da na sa hannu a jaka zan ɗauko waya na taɓa takardar. Na rufe jakar, na hau motar Maiyama.

Litinin da hantsi ina wanke kwalabe saƙon murya ya shigo daga Yaya Balkisu. Tana magana muryarta na tsinkewa.

"Azumi, muna asibiti tun asuba. Ta ƙi kama nono, idanunta dut sun hwaɗa. An sa mata ƙarin ruwa. Ki sa mu a addu'a, ƙanwata."

Ƙanwata. Na cire farar rigar aiki, na zura hijabi. Madam Vivian ba ta tambaye ni ina za ni ba, ta ce kawai, "Takardar tana wurinki?"

Ɗakin yara cike yake da mata da kwanuka da tabarmi. Na hango su a gadon ƙarshe. Da ƙyar na gane Kyauta. Kumatun nan babu su, leɓenta ya bushe, an ɗaure ɗan hannunta a jikin katako saboda allurar ƙarin ruwa. Ko kuka ba ta iya yi, sai wani ɗan nishi. Yaya Balkisu tana zaune a bakin gado da zanen jiya, ɗankwalinta ya zame ba ta sani ba.

Hajiya, mahaifiyar Lukman, tana kan tabarma. Na durƙusa har ƙasa na gaishe ta, kaina a sunkuye. Tun da aka fara maganar aurenmu ban taɓa haɗa ido da ita ba, ban taɓa ce mata abin da ya wuce gaisuwa ba.

"Sannu ɗiyata, kin taho? Allah shi yi albarka."

Sai na ga abin da take yi. Ta farke ƙullin garin gishiri da sukari da likita ya ba su, ta zazzage a babban kofi, ta jawo wata jarka ruwan ɗorawa ta tsiyaya ruwa a kai.

Na ji bakina ya ce, "Hajiya, ruwan ina ne wannan?"

"Na gida ne. An ce a dama da ruwa mai tsabta." Tana juyawa da cokali. "Lukman ya jibge muna na leda, ruwan da rana ta gama dahwawa a bisa mota. Ni ban yarda da shi ba. Wanga shi dut ɗiyana sun ka sha sun ka girma."

"An tafasa shi?"

"Ruwan Alhaji? Mi za a tahasa?"

Ta ɗebo a cokali, ta yunƙura, ta tallafo kan yarinyar.

Ban san lokacin da na tashi ba. Na dai ga hannuna ya riƙe nata. Cokalin ya faɗi, kofin ya kife, ruwan ya jiƙa mata zane har gwiwa. Matar da ke gadon kusa ta ce, "Innalillahi."

Hajiya ta dubi hannuna a kan nata, ta dube ni. "Ke! Lahiyarki?"

"Mi ke hwaruwa nan?"

Muryar namiji ce daga bakin ƙofa. Alhaji Sabo ne, dogo, da farin gemu da babbar riga ruwan ƙasa, carbi a hannunsa. Lukman yana bayansa riƙe da ledar magani.

Na saki hannun Hajiya na zube a kan gwiwoyina. Na ce, "Baba, ku gafarce ni. Kada a ƙara ba ta ruwan rijiyar nan. Na gwada shi a wurin aikinmu sau biyu. Ramin banɗakin da aka haƙa saboda ni yana tsatsafowa cikinta. Shi ne yake sa mata ciwon."

Na laluba jaka na ciro takardar, na miƙa da hannu biyu. Alhaji ya karɓa, ya juya ta, sannan ya miƙa ta baya ba tare da ya waiwaya ba.

"Karanta."

Lukman ya karanta, tun daga sama har sa hannun Madam.

"Yaushe kas san da wagga magana?"

"Alhamis, Baba."

Alhaji bai ɗaga murya ba. Ya sa carbinsa a aljihu, ya sunkuya da kansa ya ɗauki jarkar, ya fita da ita.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ba shi ba ne. Yaya Balkisu ce. Ta juyo ta dube ni da idanunta da suka kumbura.

"Azumi," ta ce a hankali, "tun Alhamis?"

Na fita na sayo ruwan kwalba a bakin asibiti, na roƙi ma'aikaciyar jinya wani ƙullin, na dama a tsabtataccen kofi na ajiye a gefen gadon. Ba wanda ya ce mini na gode, ba wanda ya ce in tafi. Na tafi.

Sauran abin a bakin mutane na ji shi. Ranar bayan sallar la'asar Alhaji ya miƙe a masallacin layinsu, ya ce da jama'a kada kowa ya ƙara shan ruwan rijiyarsa, an samu ƙazanta a ciki, kuma daga gidansa ta fito. Ya nemi gafarar duk wanda ya sha. Aka sa wa rijiyar kwaɗo, aka kwance kan famfon ƙofar gida. Sai ga shi gidaje uku a layin suna da yara masu irin ciwon, kowa yana cewa haƙori ne ko shawara.

Laraba Madam Vivian ta je da kanta, da kwalaben kulorin da bokitin tacewa guda biyu, ta zauna a tsakar gidan ta nuna wa matan unguwa yadda ake ɗigawa da yadda ake wanke bokitin. Ta ce mini ta bar manyan tukwane uku a kan murhu suna tafasa, maza kuma suna kwashe ramin za su cike shi da ƙasa. Na'urar Lukman, da har yau ba a haɗa ba, tana nan a kwalinta a ƙofar ɓangarena, ba wanda ya bi ta kanta.

A ranar ne kuma Kyauta ta kama nono. Madam ce ta faɗa mini. Na shiga banɗakin kamfani na yi kukan da ban yi ba tun Alhamis.

Lukman kuwa shiru. Ba kira, ba saƙo. A gida Baba ya ji komai, bai yi mini faɗa ba, bai kuma yaba mini ba. Gwaggo Gudiya ta daina haɗa turare.

"Ki riƙe hannun uwar miji gaban mutane?" Haka take ta maimaitawa. "Ku haɗa musu akwatunansu wuri guda, kar su zo ɗauka a tsaya neman ɗankwali."

Asabar da hantsi, saura kwana goma sha uku, mota ta tsaya a ƙofar gidanmu. Inna ta leƙa ta dawo da sauri.

"Alhaji Sabo ne. Da kansa."

Sun daɗe a zaure da Baba. Sannan Baba ya ɗaga murya ya kira ni. Na zura dogon hijabi, na shiga da sallama, na raɓe a bakin ƙofa. An ajiye wa Alhaji ruwa a kwanon sha, bai taɓa ba. Cikin kwana biyar ya tsufa.

"Ɗiyata," ya ce, "ban zo ɗaga biki ba, ban zo karɓar kaya ba. Hajiya ta ce in gaya miki hannun da kin ka riƙe, ta yahe."

Na ji Inna ta sauke numfashi a bayan labule.

"Abin da ya kawo ni daban ne. Yaron ga ya hwaɗa mini komi. Ya ce tun Alhamis kike roƙon shi kullum a hwaɗi gaskiya, shi ya hana ki, har ya ce in kin ka buɗa baki ya hwasa auren. Ya ce ke ba ki da laihi ko ƙwaya guda." Ya shafa gemunsa. "Namijin da za ya ga jinjira tana zuba kwana huɗu ya yi shiru don tsoron hwaɗan ubansa, ni ban san ko ya isa a ba shi ɗiyar mutane ba. Ɗana ne, amma na gaya ma Malam babanki, ba ni rufa miki ido. In kin ce kin hwasa, babu mai ganin laihinki a gidana. Shina waje cikin mota. Abin da kin ka ce, shi za a yi."

Baba ya dube ni. "Kin ji. Mi kin ka ce?"

Ku da kuka biyo ni tun daga farko kun san abin da Alhaji bai sani ba. Lukman bai taɓa cewa zai fasa ba. Ban roƙe shi kullum ba. Sau ɗaya na tambaye shi, da bai amsa ba na ƙyale. Ya kwashe nasa laifin ya haɗa da nawa ya aza a kansa, ya wanke ni tas a gaban iyayensa. Abin da ya rage mini kawai in yi shiru in shiga gidan nan da farin suna, ko in fita daga maganar da farin suna. Duk wanda na zaɓa, shiru ya ishe ni.

Na ji kaina ina cewa, "Baba, ba haka aka yi ba."

Na faɗa musu saƙon da na rubuta sau uku na goge. Na faɗa musu shagon tela, da leshin, da takardar da ke cikin jakata ina juyi gaban madubi. Na ce babu wanda ya ɗaure mini baki, bikin nake so, shi ya sa na yi shiru. Na ce in shirun kwana huɗu ya hana mutum cancantar aure, to mu biyu ne.

A bayan labule na ji Gwaggo ta ce, "Wayyo ɗiyag ga."

Baba ya sunkuyar da kai. Alhaji ya zuba mini ido, ya daɗe, ban iya karanta komai a fuskarsa ba. Can ya juya ga Baba.

"Malam, a yi mini izini in kira shi."

Baba ya ɗaga kai alamar to. Alhaji ya tashi da ƙyar, ya leƙa waje, ya kira sunan sau ɗaya. Na ji an buɗe ƙofar mota, an rufe. Na ji takunsa a kan tsakuwa, a hankali, har bakin zaure. Ya tsaya yana cire takalmi, bai san na riga na rushe ƙaryar da ya yi domina ba.